Kwanan watan da ke jikin leda: me za a zubar, me za a ajiye

'Yan uwa mazauna Xiaobei da kewayen titin Huanshi Lu, darasinmu na wannan fitowa a kan abincin da muke zubarwa ne. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 an yi asarar abinci tan biliyan 1.05, kashi 60 cikin ɗari daga gidaje, kashi 12 kacal daga kantuna. Ashe ɓarnar a kicin ɗinmu ta fi yawa.

Dalili na farko a nan Guangzhou shi ne karatun kwanan wata. A Ghana ko Nijeriya mun saba ranar da ke jikin gwangwani ita ce ranar lalacewa. A Sin kuwa, yawancin kaya ranar da aka yi su ake bugawa, 生产日期, sannan a wani gefe a rubuta 保质期, wato tsawon lokacin da abin zai yi da kyansa. Kuma shekara ce ke fara zuwa, sai wata, sai rana. Madarar gari mai 2024/03/10 da wa'adin wata 18 tana nan lafiya har Satumbar 2025. Baƙon ɗan kasuwa da ya sauka kusa da ginin Tianxiu sai ya ga ranar ta wuce, ya jefa ta a shara, alhali sabuwa ce fil. Mu da muka daɗe, mu nuna musu.

Dokar hana ɓarnar abinci da Sin ta kafa ranar 29 ga Afrilu, 2021 ta wajabta wa manyan kantuna su ware kayan da wa'adinsu ya kusa, su sa musu alama ko su tara su wuri ɗaya. Ku nemi kalmar 临期. Galibi sun fi araha, kuma babu illa muddin ledar ba ta fashe ba. Sai dai arahar kan ja mutum ya kwashi abin da ba zai iya cinyewa ba.

Dalili na biyu babbar tukunya ce. Muna dafawa kamar ana jiran baƙi goma, musamman da azumi, sai shinkafa ta kwana a buɗe. A nan ba ma goyon bayan tsimi. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da dahuwa ba ta kashe ƙwanta, kuma dafin da take saki ba ya mutuwa da ɗumame; amai da gudawa ke biyo baya. Kada shinkafa ta wuce awa 2 a waje, awa 1 in zafi ya haura digiri 32. A raba ta a ƙananan robobi, a sa a firji mai sanyin da bai haura digiri 5 ba, a cinye kashegari, ko a daskarar da ita tun ranar.

Sai damshin Maris da Afrilu, lokacin da bango kansa ke gumi. Gyaɗa da masara da muke tsarabarsu daga gida suna yin fumfuna, wadda kan haifar da dafin afilatoksin mai jawo kansar hanta, musamman ga masu ciwon hanta nau'in B. Wanki ko suya ba sa kawar da shi. Wadda ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar. Sauran a rufe a kwalba mai murfi, a ajiye nesa da bango.