Jijiyoyin Mota: Darasi Kan Haɗa Ƙararrawa da Tayar da Inji Daga Nesa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Gusau ta ratsa Anka zuwa Gummi a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ya san halin da motar da aka ajiye a rana take shiga. Direba yana son barin gilashi a buɗe saboda iska, ga kuma tsoron ɓarawo. Shi ya sa wasu ke zuwa wurin mai wayarin ya ɗaura musu na'ura mai aiki uku: ta yi jiniya idan an taɓa motar, ta ɗage gilasai da kanta, ta kuma tayar da inji da zarar an danna rimot.

Ɗalibin da ya karanta darasin jijiyoyi ba zai sha wuyar gane ta ba. Idan yatsa ya taɓa garwashi, fata ce take ji, jijiya ta kai saƙo ga laka, laka ta ba da umarni, tsoka ta fizge hannu. A cikin mota, makunnan ƙofa da na'urar jin girgiza su ne fata. Ƙaramin akwatin da ake ɓoyewa ƙarƙashin sitiyari shi ne laka. Jiniya da sitata da injinan gilashi kuwa su ne tsoka.

Abin lura shi ne, jijiya ba ta ɗaga hannu, umarni kawai take kaiwa. Haka ma akwatin nan: wutar da yake fitarwa ba ta isa ta motsa gilashi ba, balle inji. Batirin mota bolt 12 ne, amma sitata kan zuƙi fiye da amfiya 100 a lokacin tayarwa. Abin da ke shiga tsakani shi ne rile. A cikinsa akwai siririyar waya da aka nannaɗe a jikin ƙarfe. Idan wuta kaɗan, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na amfiya, ta bi ta ƙafafunsa masu lamba 85 da 86, ƙarfen sai ya zama maganaɗisu, ya jawo wani ɗan harshe ya haɗa ƙafa ta 30 da ta 87, babbar wuta ta samu hanya. Ƙarar “ƙas” da ake ji ke nan.

A wajen babbar wutar nan ake yin ɓarna. Zafin waya ba ya ƙaruwa daidai da wuta. Idan wuta ta ninka biyu, zafi sau huɗu yake ninkawa. Don haka siririyar waya a kan injin gilashi tana iya narkar da robarta. Fis shi ne mai gadi, kuma dole a sa shi dab da kan batir, domin duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da kariya. Al'adar maye gurbin fis da ya ƙone da guntun waya ganganci ne, domin maimakon fis, motar ce za ta ƙone. Haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da tef shi ma ba ya jure gargadar hanyoyin ƙauyukan Bukkuyum. Gara a like shi da dalma. Sai dai a wanke hannu bayan an gama. Dalmar nan, wadda take cikin batir ma, ita ce ƙarfen da ƙurarsa, daga duwatsun zinare, ta hallaka yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010.

Tayar da inji daga nesa yana da sharuɗɗa. Tilas a haɗa na'urar ta yadda ba za ta yi aiki ba sai giya tana firi, in ba haka ba mota za ta zabura babu kowa a ciki. Ba a kuma tayar da ita a rufaffen gareji. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, marar launi marar wari, wadda ke kama jan sinadarin jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sama da sau 200. Gilashi mai rufe kansa kuma bai san wuyan yaro ba, sai in an sa masa ma'aunin da ke juya shi baya idan ya ci karo da wani abu.

Ga lissafi don aji. A ɗauka na'urar tana shan amfiya 0.03 ko da mota a kashe take, batirin kuma mai amfiya-awa 60 ne. A kwana ɗaya za ta sha 0.72. Ɗalibai su gano nawa za ta sha idan mai motar ya tafi aikin Hajji ya yi kwana 40, sa'annan su tattauna ko sitata za ta juya ranar da ya dawo.