Gahawar Tudu da Gahawar Kwari

Ka sani asalin gahawa daga tuddan Habasha ne, amma ba duka ke da ɗanɗano ɗaya ba. Kowace takan ɗauki halin ƙasar da ta tsiro. A Yirgacefe ta Habasha, wajen ƙafa 6,000 bisa teku, sanyi kan hana 'ya'yan nuna da wuri, sai su tara zaƙi da ƙamshi kamar na lemo. Sunan wannan iri Arabika, shi ake shukawa a tudun Mambila. A kwari mai zafi kuwa, Robusta ake shukawa, mai ɗaci da araha. To, in za ka saya, tambayi inda ta fito, kada ka biya kuɗin ta tudu a auna maka ta kwari.