Fitar Ƙarshen Mako Zuwa Gonakin Kura: Ku Kiyayi Ruwan Kanal

TAMBAYA

Likita, ni ne shugaban wata ƙungiyar ɗalibai masu yawon buɗe ido a jami'armu da ke Kano. Muna shirin fita ranar wata Asabar zuwa gonakin noman rani na Kura da Bunkure, maza da mata. Wasu daga cikinmu sun ce su wanka a kanal ne zai kai su, ni kuwa tun da na ji haka gabana yake faɗuwa. Mene ne abin yi?

AMSA

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka yi tambaya tun kafin ku kama hanya.

Wurin da kuka zaɓa ya cancanci a je a gani. Shirin noman rani na Kogin Kano ya samo asali ne tun zamanin Gwamna Audu Bako, kuma madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ita ce ke shayar da shi. Daga can ruwan ke gangarowa da kansa, ba tare da inji ba, ya ratsa gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ɗalibin da ya ga alkama koriya shar a tsakiyar rani, ya ga kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, ya fahimci darasin da aji ba zai ba shi ba.

Amma faɗuwar gabanka tana kan hanya. Kanal an yi shi ne don ban ruwa, kuma haɗari biyu ke cikinsa.

Na farko nutsewa. Saman ruwan a kwance yake, ƙarƙashinsa kuwa gudu yake yi. Inda aka yi wa gefe daɓen siminti, gansakuka ta kama shi, ga shi a tsaye, wanda ya zame ba ya samun abin riƙewa. Kusa da ƙofofin raba ruwa da wuraren da kanal ke shigewa ƙarƙashin hanya, ruwa na janye mutum ko da gwani ne. Kada yaran ƙauye da za ku gani suna tsalle a ciki su ruɗe ku. A nan aka haife su, sun san inda ake shiga da inda ake fita, kuma su ma ruwa yana cin wasunsu. Idan wani ya faɗa, kada kowa ya bi shi. A miƙa masa igiya ko doguwar sanda, ko a jefa masa jarka rufaffiya wadda babu komai a ciki. Idan kuwa tafiyar ta kai ku Tiga ko Bagauda, babu shiga kwalekwale sai da rigar kariya, kuma ba a cika shi maƙil. Kanawa ba su manta da haɗarin kwalekwalen Bagwai na watan Nuwamban 2021 ba, wanda ya ci rayukan ɗaliban Islamiyya fiye da ashirin.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna, domin ba a ganinsa: tsargiya. Ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa mai ciyayi su ne ke sakin ƙwayoyin cutar, su kuma su huda fata cikin 'yan mintuna. Ba sai an sha ruwan ba. Wanka, ko alwala, ko tsoma ƙafa don ɗaukar hoto duk sun isa. Mutum zai koma makaranta lafiya lau, sai bayan makonni ko watanni ya fara ganin jini a ƙarshen fitsari, ko ciwon mara. Idan aka yi sakaci, tana illata mafitsara da ƙoda, a mata kuma takan taɓa al'aura da mahaifa. Duk wanda ya riga ya shiga irin wannan ruwa, ya je asibiti nan da wata biyu zuwa uku a gwada fitsarinsa da bayan gidansa. Maganin praziquantel yana kashe ta, amma likita ne zai auna shi daidai da jikin mutum.

Ga yadda za ku tsara tafiyar.

Ku nemi izinin ofishin kula da harkokin ɗalibai a rubuce, malami ya raka ku, kowa kuma ya sanar da gida. A rubuta sunayen matafiya, a ƙirga su a tashi, a ƙirga a dawowa.

Kafin ranar, mutum biyu su je su gai da dagaci ko mai unguwa, su nemi wanda zai yi muku jagora, domin da ɗan gari akan ci gari. Gonakin nan jarin mutane ne, wasu bashi suka ci suka shuka. Ku bi kunya, kada ku taka fangali, kada ku tsinki abin kowa, kada ku ɗauki hoton kowa sai da yardarsa.

Ku tafi da ruwan sha da na alwala daga gida. Tumatir da sauran kayan lambu ana yi musu feshin magani, saboda haka a wanke su da ruwa mai tsabta kafin a ci. Kowa ya sa takalmi rufaffe saboda maciji. Idan ya sari wani, ba a tsaga, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a garzaya da shi Babban Asibitin Kura.

Lokaci mafi daɗi shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka sai a fita da sassafe, a nemi inuwa kafin azahar. Ku baro wurin da la'asar, kada magariba ta riske ku a hanyar Zariya.

Ɗana, 'ya'yan mutane amana ne a hannunka. Ka tara su tun kafin a biya kuɗin mota, ka faɗa musu a fili cewa babu mai shiga kanal. Wanda bai yarda da wannan sharaɗi ba, ya zauna a makaranta. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.