Ko Kun San Ana Yin Digiri na Biyu a Kan Shirya Wasanni?

'Yan uwana ɗalibai, ranar gasar wasannin gidaje kowa idonsa na kan wanda ya zo na ɗaya a tsere. Ba mai tuna wanda ya ja layin fili da farar ƙasa, ya tanadi ruwan sha da akwatin magani, ya kuma tsara wa zai kara da wa. A nan malamin wasanni ne ke ɗauke da wannan kaya shi kaɗai. A manyan makarantu kuwa ofis ne guda, shugabansa ana ce masa daraktan wasanni, kuma aikin sai da karatu.

Ba sai mun je nesa ba. Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure tana cikin jerin kwalejojin da gasarsu ta ƙasa ake kira NIPOGA. Ta jami'o'i ita ce NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, ta kwalejojin ilimi irin ta Gumel kuma NICEGA. Sabuwar Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ɓaɓura a 2021 ita ma za ta buƙaci masu wannan aiki. To su wa za a ɗauka, idan yaran yankin ba su karanta fannin ba?

Ga ɗan ɗanɗano daga abin da ake koya. A ce ƙungiyoyi 8 ne za su buga ƙwallo. Idan kowa zai kara da kowa sau ɗaya, sai ka ninka 8 da 7, ka raba biyu: wasa 28 ke nan. Idan kuwa tsarin sili ɗaya ƙwale ne, wasa 7 ya wadatar, domin kowane wasa ƙungiya ɗaya yake fitarwa, kuma 7 ake so su fita. Fili ɗaya gare ka, wasa biyu a yini: tsarin farko zai ci kwana 14, na biyu kwana 4. Kowane yini kuma akwai kuɗin alƙalin wasa, da abinci, da man mota. Darakta ne zai auna aljihun makaranta ya zaɓa. (Masu gudun darasin lissafi don zuwa fili, kun ji dai.)

Wani ɓangaren mai wuya shi ne tantance 'yan wasa. Gasar ɗalibai ce, amma kwaɗayin kofi kan sa a shigo da ɗan haya, wanda ko ƙofar aji bai sani ba. In aka gano, ƙungiyar ce gaba ɗaya ke kwana ciki, har da yaran da suka yi wata da watanni suna atisaye. A ganina wanda ba zai iya ce wa koci "a'a" a kan wannan ba, bai cancanci kujerar ba. Ana kuma koyon dokokin gasa, kula da filaye, neman tallafin 'yan kasuwa, da matakin ɗauka idan ɗalibi ya ji rauni.

A Amurka, inda wasannin jami'a ke kawo maƙudan kuɗi, Jami'ar Ohio ce ta fara digiri na biyu a fannin, ita ma a 1966. A gida, hanyar takan bi ta sashen ilimin motsa jiki da lafiya, kamar na Jami'ar Bayero a Kano da na Ahmadu Bello a Zariya: digirin farko, bautar ƙasa, sannan na biyu. Akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas mai horar da kociyoyi da jami'an gudanarwa.

Mai sha'awa, namiji ko mace, ya riƙe Turanci da lissafi da bayoloji da kyau, domin kiredit biyar ake nema. Kafin nan, ya je wurin malamin wasanni ya ce a ba shi tsara jadawalin gasar bana.