Git ba ya jiran rezo

Aikin da ya koya mini wannan darasi ƙarami ne. Mu biyu muke rubuta wata manhaja don wani rumbun tsimi na mata, ni ina Ɗan Kassari, abokin aikina yana Dogon Dutsi. Manhajar za ta riƙe lissafin wadda ta ɗauki tiya nawa ta gero da lokacin da za ta mayar bayan kaka. Duk wanda ya taɓa wani abu sai ya tura wa ɗan'uwansa fayil ta WhatsApp. Kafin wata guda sunaye sun cika waya: "na ƙarshe", "na ƙarshe biyu", "na ƙarshen gaske". Wata rana na kwafe nasa a kan nawa, aikin kwana huɗu ya tafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne matan nan suna jira, mu kuwa ba mu ma san wane fayil ne daidai ba.

Maganin wannan ciwo ya daɗe da samuwa. A 2005 Linus Torvalds, mutumin Finlan, ya ƙirƙiro Git domin masu gina manhajar Linux, waɗanda ke warwatse a duniya suna aiki a kan abu ɗaya. Git kamar littafin bashin mai shago ne wanda ba a yage masa shafi. Duk sanda ka kammala wani gyara sai ka yi abin da muke kira komit: ya adana yadda aikin yake a wannan lokaci, da sunanka, da ranar, da bayanin da ka rubuta. In gyaran yau ya ɓata na jiya, sai ka koma na jiya.

Ƙannena ɗalibai da ke zuwa hutu daga Doso da Yamai sukan ce mini ai Git sai da intanet, mu kuma rezo yau akwai gobe babu. Sun haɗa Git da GitHub ne. GitHub shafi ne da aka buɗe a 2008, Microsoft ya saye shi a 2018, wurin ajiya ne kawai a intanet. Shi Git a cikin kwamfutarka yake zaune da tarihin aikin gaba ɗaya. Ko kana Lugu, garin Sarauniya, waya ba ta kama komai, kana iya yin komit ashirin, ka duba tarihi, ka koma baya. Ranar da ka samu rezo sai ka tura duka. Akwai ma umarnin git bundle da ke dunƙule aikin cikin fayil ɗaya. Mun sha saka shi a kile, wato USB, mu ba direban da zai bi kwalta zuwa Dogon Dutsi.

Sai maganar reshe, wadda na fi son bayyana ta da noma. Babban aikin shi ne gandu, na kowa ne, ba a gwaji a cikinsa. Reshe kuwa gayaunarka ce: gwada sabon iri, in ya yi kyau a kai gandu, in bai yi ba asarar ba ta shafi kowa ba. Wajen haɗewa, idan ku biyu kun gyara layi ɗaya, Git ba ya zaɓar gwani. Tsayawa yake yi ya ajiye muku naka da nasa gefe da gefe, kamar masu rikicin iyakar gona a gaban mai gari. Masu koyo na firgita a nan, alhali ba abin da ya lalace, zama ne kawai ya kama ku.

A ganina umarnin ba su ne masu wuya ba, kunya ce. Da yawa ba sa son wani ya karanta abin da suka rubuta kafin a haɗa shi, sai su ɓoye aiki sati uku su zo da shi tuli guda, ba mai iya dubawa. Ku riƙa kawo shi kaɗan-kaɗan. Bayanin komit ma kada ya tsaya a "gyara". A rubuta me aka canja da dalili, da Hausa ko Faransanci, yadda wanda zai gaje ka zai gane. Kuma don Allah kada a saka kalmar sirri ko sunayen masu bashi a ciki, domin ko ka goge daga baya, tarihi yana riƙe da su.

Duk wanda ya zo koyo wurina, ba na fara masa da manhaja. Nakan zaunar da mutum biyu, kwamfuta biyu, kile ɗaya, fayil ɗaya mai sunayen ƙauyukan Arewa. Kowa ya gyara layi na uku yadda ya ga dama, sannan su haɗa. Ba na sa musu baki sai sun daidaita layin da kansu.