Shin Sare Daji Cutar da Dabba ne a Dokar Amurka?

Wani mai sauraro daga Damagaram yana son sanin dalilin ce-ce-ku-cen da ake yi kan dokar kare namun daji a Amurka.

To, dokar dai ta daɗe, tun 1973 Shugaba Nixon ya sa mata hannu. Ta haramta cutar da duk dabbar da ke dab da ƙarewa, kuma hukumomi suna ɗaukar lalata mazauninta a matsayin cutarwa. Masu harkar katako sun garzaya kotu, amma a 1995 Kotun Ƙoli ta ba hukumomin gaskiya.

Sai ga shi a watan Afrilun 2025 gwamnatin Trump ta kawo shawarar soke wannan ƙa'ida ta ɗaukar lalata mazauni a matsayin cutarwa. In haka ta tabbata, wanda ya sare tsoffin itatuwan jihar Oregon zai iya rantsuwa bai taɓa mujiya ko ɗaya ba, alhali ya kayar da kogon da take ƙyanƙyasa a ciki. Abin tsoro ne ƙwarai, domin rashin mazauni ya fi bindigar mafarauci ƙarar da dabbobi.

Dokar kuwa ta yi rana. Mikiya mai farin kai, tambarin ƙasar, ta farfaɗo har aka cire ta daga jerin masu fuskantar barazana a 2007.