SARƘA BA MAGANI BA CE
Darasi a kan tabar wiwi. Karatu: Markus 5:1-20

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Rigasa, cikin Kaduna, suka fitar da maza da yara wajen 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa. A watan Oktoba aka buɗe wani gidan kuma a unguwar, aka fitar da mutum 147. Iyaye ne suka kai yawancinsu, waɗansu saboda shaye-shaye. Kada mu ce wannan al'amarin maƙwabta ne kaɗai, gama akwai gidajen addu'a masu kiran sunan Kristi inda ake ɗaure marasa lafiya haka nan. Me ya kamata mai bi ya yi sa'ad da ɗansa ya kama shan wiwi?

1. Ɓarnar wiwi

Samari suna cewa ganye ne kawai. Amma cikin ganyen akwai wani sinadari, likitoci suna ce da shi THC, wanda yakan bi jini ya hau ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar mutum kuwa ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Saboda haka yaron da ya soma da wuri yakan yi ta mantuwa, karatu ya gagare shi. Hayaƙin yana ɓata huhu, yana kawo tari. Cikin masu sha goma, wajen ɗaya yakan kamu har ya kasa bari. Cikin waɗanda suka soma da ƙuruciya, ɗaya cikin shida. Mai sha kullum yana cikin hatsarin taɓuwar hankali, balle idan akwai ciwon a danginsa.

2. Abin da hukuma ta gwada

A 1966 gwamnatin soja ta kafa doka mai tsanani: mai shuka wiwi ana iya yanke masa hukuncin kisa, mai sha kuwa ɗaurin shekara 10. A 1975 aka sassauta. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA, har yau kuma nomansa da sayarwa da sha laifi ne. Duk da haka binciken da aka yi a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum wajen miliyan 10.6 a Nijeriya sun sha wiwi cikin shekara guda. Wajibi ne mu bi doka, amma horo shi kaɗai bai raba mutane da tabar ba.

3. Abin da Littafi ke koya mana

Mutumin ƙasar Garasinawa aljannu ne suka kama shi. Ba mu ce kowane mai shan wiwi haka yake ba. Amma mu dubi abin da mutanen garinsa suka yi. Sau da yawa suka ɗaure shi, yana tsintsinka sarƙoƙin, a ƙarshe suka bar shi a makabarta. Ubangiji Yesu kuwa ya tsaya, ya tambayi sunansa, ya 'yantar da shi, ya komar da shi gida wurin danginsa. Sarƙa takan riƙe ƙafa, ba ta kai ga zuciya.

4. Aikin ikilisiya

Kada iyaye su ɓoye saboda kunya. Ciwon da aka ɓoye shi ke kisa. Su gaya wa fasto ko dattijo. Idan yaro ya soma surutai shi kaɗai, ko yana jin muryoyi, a kai shi asibitin masu taɓin hankali na Barnawa ba da jinkiri ba. Addu'a da magani ba sa gāba. Wanda ya bar sha yakan yi fushi da rashin barci da rashin cin abinci mako ɗaya ko biyu. Lokacin ne ya fi bukatar haƙurinmu. Masu sana'a cikinmu, kafinta da tela da makanike, su karɓe shi koyon aiki, gama zaman banza ne ke komar da shi wurin tsofaffin abokai.

Tambayoyi

Akwai saurayi a ikilisiyarku da aka daina ambaton sunansa saboda wiwi? Wanene zai je wurinsa cikin makon nan?